Katakon da Ya Ƙi Ruɓewa

A bakin tafkin babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Baba Sannu-Sannu ake ce masa, daga masu dakon kaya har malaman makarantar da yake tsallakarwa kowace safiya. Tuƙinsa ne ya jawo masa sunan. Sauran jirage kan yanka ruwan a minti ashirin, shi kuwa sai ya cinye rabin awa. In fasinja ya fara duba agogo yana tsaki, sai ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, shekara talatin da ɗaya yana zuwa waccan gaɓar bai taɓa tarar da ta tashi ba.

Da can ma'aikacin famfo ne. Da aka rage ma'aikata ya faɗo cikin waɗanda aka sallama, sai ya sayi jirgin alminiyam na hannu daga wasu masu auna zurfin ruwa da suka gama aikinsu za su tafi. Jirgin yana cin mutum goma in an matsa wa juna. Ya girmi duk 'ya'yan gidan, shi ya sa a gida ake ce masa Tsohuwa, kuma kamar mace ake maganarsa: yau Tsohuwa ta tashi da tari, jiya Tsohuwa ta sha ruwa. Da ita aka ciyar da yara huɗu, da ita aka yi wa ɗakuna biyu rufi, da ita Auta ta yi karatu har jami'a. A ƙarƙashin bencinsa akwai wani gwangwani da yake tara abin da fasinjoji suka manta, mabuɗai, tabarau, ɗan kunne guda, kuma yakan tuna mai abu ko bayan shekara ne.

Yana da wata ɗabi'a da ba ya fashinta. Kowace safiya, kafin ya ja igiyar inji, sai ya tsuguna a bayan jirgin ya ƙwanƙwasa allon baya da ƙashin yatsa, uku a dama, uku a hagu, kunnensa a kusa. Allon baya shi ne bangon ƙarshe na jirgi, inda ake rataya inji. Fallen alminiyam ne biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, da katako mai kauri a tsakaninsu, kuma duk ƙarfin da inji ke turawa a kansa yake sauka. Baba yakan ce katako mai lafiya da murya tsaf yake amsawa, wanda ruwa ya ci kuwa amsar mai mura yake yi. Duk matuƙin da ya taso a gaɓar nan, a wurinsa ya koyi wannan ƙwanƙwasar.

Shekarar da Auta ta ci jarabawar shiga sakandaren da ke hayin tafkin, katakon Tsohuwa ya fara amsawa da mura. Kowa in hakan ta same shi falanki yake saya a kasuwa ya sa, bayan shekara huɗu ko biyar ya sake. Baba ya ce ba da shi ba, ba a jirgin da 'yarsa za ta shiga safe da yamma ba. Ya hau mota ya je har inda ake sayar da katakon shinge da turakun wuta, ya zaɓo irin wanda aka jiƙa da magani har ya yi kore-kore, wanda gara ba ta kusantarsa, ruwa ba ya cinsa. Kwana biyu ya yi yana sassaƙa shi. Da ya gama ya ƙwanƙwasa, allon ya amsa kamar ƙofar sabon gida. Ya daɗe yana alfahari da wannan aiki, har matuƙa uku suka bi sahunsa.

Shekara goma sha ɗaya allon nan yana amsawa tsaf. Ranar da abin ya faru ma ya amsa.

Wata Talata ce da hantsi, mako uku da dawowar Auta daga jami'a da takardar kammalawa. Ta je kai takardun neman aiki a hayi, tana dawowa. Ruwa a kwance kamar an shimfiɗa shi, babu iska, babu hadari. Mutum takwas ne a ciki, da keke guda. Auta na zaune a benci na ƙarshe kusa da mahaifinta, inda ta saba zama tun tana 'yar aji ɗaya. Wani jirgin yashi ya wuce can nesa, igiyar ruwansa ta taho, Baba ya ɗan ƙara wuta don ya fuskance ta, yadda ya yi sau ba adadi. Sai aka ji ƙara, ba ma mai girma ba, kamar an yage murfin gwangwani. Injin ya kwanta baya. Fallen waje ya tsage a kan layin notuna daga wannan gefe zuwa wancan, ruwa ya shigo ta tsagar a shimfiɗe, da sanyi, ba ya sauri kuma ba ya tsayawa.

Igiyar da ake ɗaure inji da ita don ko-ta-kwana ita ta riƙe shi. Baba ya kashe wuta, ya ce kowa ya matsa gaba a hankali, kada wanda ya miƙe. Ya tuɓe rigarsa ya cusa a tsagar, ya miƙa wa Auta robar kwarfar ruwa, ya ɗauki filafili ya shiga tuƙi da hannu. Tana kwarfa ruwa na ƙaruwa, tana kwarfa har ya kai mata ƙwauri. Minti goma sha huɗu aka yi kafin wani jirgin ya iso ya ja su. Babu wanda ya rasu, babu ma wanda ya ji ciwo. Wata malamar asibiti ta yi asarar takalmi ƙafa ɗaya, ta kuma yi ta ba da labarin tana dariya.

Auta ba ta yi dariya ba. Da aka sauka sai da Baba ya ɓamɓare yatsunta daga jikin robar ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar ta daina bin hanyar da ake hango tafki. In aka buɗe famfo a bokiti sai ta bar tsakar gida. Tana cin abinci, tana amsa gaisuwa, tana cike takardun neman aiki, amma duk takardar da za a kai hayi sai ta ninke ta ta tura ƙarƙashin littafi. Baba yana gani.

Aka ɗora Tsohuwa a kan tsofaffin tayoyi a garejin Tartsatsi mai walda, abokin Baba tun suna aikin famfo tare. Garejin yana bayan kasuwa, rumfar kwano ce mai zafi, ƙasanta ta yi baƙi da mai, kuma daga nan ba a ganin ruwa. Babban ɗan Baba, wanda ke tuƙa motar kamfani a wani gari, ya bugo waya ya ce a haƙura haka, a ba masu narka tukwane jirgin, Baba ya zauna ya huta, su za su riƙe gida. Mama ta ce ita ba ta sa baki a maganar jirgi, amma sau biyu a yini ɗaya ta ambaci cewa mai tukwanen nan mutumin kirki ne. Kashegari kuwa sai ga shi a garejin da kansa. Ya zagaya Tsohuwa yana taɓa ta da ƙafa, ya ce alminiyam irin na da ne, mai nauyi, za a samu manyan tukwane. Tartsatsi ya ce masa ya bari majinyaciya ta cika tukuna kafin ya zo rabon gado.

Da yamma Baba ya zaunar da Mama a tsakar gida, ya sa aka kira babban ɗan a waya don ya ji da kunnensa. Auta na cikin ɗakinta.

"Zan gyara ta," in ji shi. "In na gama, Auta ta shiga da ƙafarta, to Tsohuwa ta koma ruwa. In ba ta shiga ba, a kira mai tukwane, ba zan ce uffan ba. Amma kada wanda ya roƙe ta, kada kuma wanda ya gaya mata."

Mama ta ce wane irin sharaɗi ne wannan za a ɗora wa yarinya. Ya ce ba yarinyar ya ɗora wa ba, jirgin ya ɗora wa. Jirgin da 'yarsa ba ta yarda da shi ba, ba zai zuba 'ya'yan mutane a ciki ba.

Baba da Tartsatsi suka fara da sauke inji. Sannan Tartsatsi ya bi ƙusoshin da suka riƙe murfin allon yana huda kawunansu ɗaya-ɗaya, Baba na bi da guduma yana fitarwa. Notuna shida sun ci tsatsa sun ƙi motsi, aka jiƙa su da mai aka bar su suka kwana, biyu dai sai da aka yanka. Tartsatsi na aiki yana tsiya, wai shekara talatin ana tafiya kamar an ɗauko ƙwai, ranar da aka taɓa wuta sau ɗaya jirgi ya ce bai san zancen ba. Baba ya ce masa da da baki ake walda, da tuni ya haɗa gada a kan tafkin kowa ya huta.

A rana ta uku suka zaro katakon. Baba ya shirya ganin ruɓa, har ya shirya jin kunyarta. Sai katako ya fito lafiya lau, kore, mai nauyi, ko farce ba ya shigarsa. Ya ƙwanƙwasa, ya amsa tsaf. Sai dai fuskarsa duk farin gari ne, kamar an barbaɗa masa gishiri. Tartsatsi ya yanko fallen da ya tsage, ya goge shi da burushin waya, ya ɗaga shi saitin rana. Haske ya ratso ta ƙananan ramuka birjik, kamar rariya.

Baba ya ce tsufa ne, ƙarfe ma yana gajiya. Tartsatsi ya girgiza kai. Ya bugi gefen jirgin, ya bugi ƙasansa, ya ce duk shekarunsu ɗaya, ga su garau. Inda katakon ya taɓa ne kawai ya cinye, kamar an shata da alli. Dalili kuwa bai sani ba, shi mai walda ne, ba mai duba ba.

Ana cikin haka Auta ta kawo musu abincin rana. Ta gaishe su, ta ajiye kwanuka, idonta ya sauka a kan katakon. Baba ya ga ta tsaya. Ya ga ta dangwali farin garin ta murza a yatsa, ta dubi koren katako, ta dubi fallen mai ramuka, sannan ta kakkaɓe hannu ta ce za ta koma, Mama na jira. Ya san wannan fuskar. Ita take yi tun tana ƙarama in ta san wanda ya fasa kofi amma ba ta son faɗa.

"Auta, kimiyya aka ce kin karanta ko?"

"Eh, Baba."

"To karanta mana wannan."

Tartsatsi ya miƙa hannu ya kashe injin da ke gunji a gefe. Sannan ta yi bayani a hankali, idonta a ƙasa. Ta ce maganin da ake jiƙa irin wannan katako da shi akwai jan ƙarfe a ciki, shi ne koren nan. Jan ƙarfe da alminiyam kuwa ba sa zama wuri ɗaya in akwai danshi. Ɗaya cin ɗaya yake yi a hankali, kuma kullum alminiyam ne ake ci. Ta ce falankin kasuwa in ya fara ruɓewa yana faɗa, wannan kuwa ba shi da abin faɗa, don shi lafiyarsa ƙalau.

"Wato ni na sa mata abin da ya cinye ta," in ji Baba.

"Ba ka sani ba, Baba. Ni an koya mini, a shekara ta uku, har na amsa shi a jarabawa. Ban taɓa tuna Tsohuwa ba. Sau nawa na zauna a kai. Da na tuna..."

"Ke zama kika yi a kai, ni kullum sai na sa masa kunne. Bar wannan zancen, ba ya kai kowa gaɓa."

Ya zauna a kan taya ya daɗe yana kallon katakon. Tartsatsi ya buɗe kwano ya tura masa gaba. Baba bai ci ba. Ya sa hularsa, ya ɗauki fallen mai ramuka a hammata, ya nufi bakin tafki.

Ya tarar da biyu daga cikin matuƙan nan uku suna jiran fasinja. Ya ɗaga musu ƙarfen a rana, ya ce shawarar da ya ba su shekarun baya muguwar shawara ce, kada su ƙara lodi sai sun buɗe sun gani. Ɗaya ya ɓata rai, ya ce yau ranar kasuwa ce, kuma nasa allon tsaf ya amsa da safe. Baba ya ce nasa ma haka ya amsa ranar Talata. Ya hau kan hancin jirgin mutumin ya zauna, ya ƙi tashi har aka kawo sifana. Da aka kwance noti ɗaya, farin gari ya biyo shi. Ba wanda ya ƙara gardama. Na ukun sai da ya bi shi har gida. A makon nan jirage huɗu ne a kan tayoyi, Tartsatsi ya rasa inda zai ajiye babur ɗinsa, yana ta cewa kuskuren Sannu-Sannu ya fi duk tallar da ya taɓa yi kawo masa jama'a.

Daga ranar Auta ta daina ajiye kwano ta tafi. Ba wanda ya ce ta zauna. Tartsatsi ya yanke ƙarfen da ya lalace har inda yake da rai, ya sa sabon falle mai kauri, ya ɗinke shi kaɗan-kaɗan yana tsallake wuri don kada zafi ya lanƙwasa tsohon jiki. Ya ƙara tokara biyu daga allon zuwa ƙasan jirgi, ya ƙarfafa kusurwoyin sama don nauyin inji ya rarrabu. Ita kuma ta shimfiɗa kwali a bayan jirgin ta zana siffar allon. Aka yanka falanki biyu a kai, irin wanda ake yi don ruwa, marar magani, aka manne su aka danne da bulo. Aka shafe shi da gam sau uku, har gefuna, ana bari ya bushe tsakani. Ita ke karanta rubutun jikin gwangwanaye, har ta mayar da fenti guda shago don ta ga akwai jan ƙarfe a haɗinsa, mai shagon yana mita. Kowane rami aka huda sai ta sa an shafe cikinsa da gam kafin noti ya shiga, notunan kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa, kowanne da washar roba tsakaninsa da alminiyam. Takan yi awo sau biyu, wani lokaci sau uku, ta dawo gida ta ce anya ramin hagu bai karkace ba, da safe ta riga kowa zuwa ta sake aunawa. Tartsatsi ya sa mata suna Sufeto. Ya ce shekara arba'in yana riƙe da wuta, ba a taɓa bin ɗinkinsa da tocila da rana tsaka ba sai bana.

Baba yawanci riƙewa yake, da goge-goge, ba ya yawan magana. Koren katakon bai yar da shi ba. Ya kafa masa ƙafafu ya zama benci a ƙofar gida, inda, in ji shi, ba zai ci kowa ba.

Kafin a kai jirgi ruwa, Baba ruwa yake fara kawo wa jirgi. Aka ɗan ɗaga hancin Tsohuwa, aka ja tiyo daga famfon garejin aka sake shi a bayanta har ruwa ya rufe ɗinkin. Ƙarar ruwan a cikin alminiyam irin ta waccan ranar ce sak. Baba ya saci kallon Auta. Ta ja baya taku biyu, ta riƙe turken rumfa. Ya ce wa Tartsatsi gwiwarsa ba ta barinsa ya leƙa ƙasa, Tartsatsi ya ce shi ma bayansa ya riƙe tun safe. Suka tsaya, tsofaffi biyu masu lafiya, suna kallon rufin kwano. Can sai ta durƙusa. Ta bi ɗinkin ta waje da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta zagaye kowane noti da yatsa, ta shimfiɗa farar takarda a ƙasa ta zauna tana jira. Rabin awa aka yi takardar ba ta jiƙe ba.

Ranar Asabar da safe aka tura Tsohuwa ruwa. Mai tukwane ya zo, wai wucewa yake. Mama ma ta zo, ita da ba ta sa baki a maganar jirgi. Baba ya ɗaura inji, ya tsuguna ya ƙwanƙwasa, uku a dama, uku a hagu, allon ya amsa. Sai ya tsaya kamar wanda ya tuna wani abu, ya bi gindin notunan da yatsa, ya ɗaga yatsan ya duba ko akwai fari. Matuƙan da ke gefe suna kallo. Ɗaya ya juya ya yi wa nasa haka.

Auta na tsaye can sama, inda siminti ya ƙare yashi ya fara, karo na farko cikin mako bakwai. Baba bai dube ta ba. Ya shiga gyaran igiyar da ba ta bukatar gyara, ya kwance ya sake ɗaurewa. Ya riga ya yanke a ransa cewa in ta juya ba zai ji haushinta ba, har ya fara tunanin wanda zai bar wa injin. Sai ya ji jirgin ya ɗan karkata gefe ɗaya, irin karkatar da mutum marar nauyi ke sa shi.

Ta sa rigar ruwa mai hana nutsewa ta ɗaure har wuya. Ta wuce benci na gaba, ta wuce na tsakiya, ta zauna a na ƙarshe. Ta ɗora tafin hannunta a kan sabon allon. Hannun na rawa.

"Labulen ɗakina ba ya tare magana, Baba," ta ce. "Amma ba don haka na shigo ba. Akwai abin da takarda ba ta nuna mini ba. Mu je busasshiyar bishiyar can mu dawo."

Ya ja igiya, inji ya tashi. Suka tafi a hankali, irin hankalin da ko shi bai taɓa yi ba, har wani mai kamun kifi ya wuce su da filafili ya yi musu sannu. Ba ta ɗaga hannu daga allon ba, ba ta kuma kalli ruwa ba. Da suka kusa bishiyar sai ta ce, "Ƙara wuta. A haka ba zan ji ko yana motsi ba."

Shekara talatin da ɗaya fasinjoji na gaya masa haka yana ba su amsa iri ɗaya. Yau dai ya murɗa hannun injin. Hancin Tsohuwa ya ɗaga, ruwa ya dare fari a bayansu. Auta ta rufe ido, tana sauraro da tafin hannunta.

"Yaya?" in ji shi.

"Hannuna ne ke rawa. Shi bai motsa ba."

Ya rage wuta, ya tambaye ta ko a juya. Ta buɗe ido ta dubi hayi, inda ake hango rufin tsohuwar makarantarta tsakanin bishiyoyi. Ta ce akwai takardu uku a ƙarƙashin littafi da ya kamata a kai can ranar Litinin, amma yau kam a juya. Ya juya, sannu-sannu. Kafin su iso gaɓa mai tukwane ya hau kekensa ya tafi.